Butar Susanna

Kai mai karatu, kafin ka sa ido a wasiƙun mutane, ga kacici-kacici. Ɗaki ne ɗan ƙarami, ba ƙofa ba taga. Uwa ba ta san shi ba, uba bai gan shi ba, amma yana shan ruwa daga hannunsu. Mene ne? In ka kasa, ka ba ni gari. Kada ka ba ni Maiduguri, ina cikinta, zafinta ya ishe ni. Ni ce Rhoda, kakar Manasse. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace, ka tallafe shi ka wuce.

Hausari, Maiduguri
Nuwamba, 1984

Zuwa ga Manasse, mijina da ya gudu Zariya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da littattafan da ka fifita a kaina. Ni dai gwiwoyina suna nan suna gardama da ni, ta hagu ta fi rashin kunya. Ya Kaltum ta gidan gaba ta ce a ce maka wushe, sannunsu ta Barbarci, ta ce tun da ka tafi ba mai gyara mata rediyo. Ruwa ya yi wuya a unguwa. Famfo sai ya yi tari ya tofo iska.

Bayan haka, zancen matarka. Ka san yadda Susanna ta koma tun rashin da aka yi mana lokacin Ista. Ba zan tsawaita ba, ka san al'adar gidanmu: jaririn da bai kai suna ba, ba a ambatonsa, ba a nuna wa uwa inda aka kwantar da shi, don kada ranta ya tare a can. Haka aka yi min, haka aka yi wa uwata. Na zaci damina za ta wanke mata zuciya. Daminar ta leƙo ta koma, Susanna tana nan yadda ka bar ta. Tana yin miya ta manta gishiri. Ta daina zuwa zumuntar mata a coci. In na ba ta labari irin wanda ke kayar da kai daga kujera, sai ta dube ni kamar ina karanta mata sanarwar gwamnati.

Amma ga sabon abu. Kwanan nan, da rana ta yi sanyi, sai ta yi wanka, ta ɗaura koriyar atamfar nan ta ranar aurenku, ta tsuguna kan turaren wutar Ya Kaltum, ta ɗauki kwando a rufe da ƙyalle, ta fita. Ba ta dawowa sai almuru, ƙafafu fari fat. Na ce, "'Yar nan, ina zuwa da wannan ado?" Ta ce, "Unguwa, Kaka." Na ce, "Unguwar ba ta da suna?" Sai ta yi murmushi, na farko da na gani a bana.

To, malamin makaranta, ka yi ta zama a Zariya. Wataƙila ta sami wanda ya fi ka tsayi, ya fi ka gashin baki. Ni ma da ƙafata za ta yarda, da na bi ta a samo min nawa.

Ka rubuto mata, Manasse. Ni kake rubuto wa, ita kuwa sai "a gaida mutanen gida". Ita ba mutanen gida ba ce, matarka ce. Ka zo Kirsimeti.

Ni ce kakarka,
Rhoda

Zariya
Nuwamba, 1984

Kaka,

Na sami wasiƙarki, na gode Allah da kuna lafiya. Ki riƙa shafa man zafin da na bar miki. Ni ma lafiya, sai dai barci yana min wuya. Karatu ne.

Kaka, na karanta zancen kwandon nan har takardar ta fara yagewa a ninki. Na san ki da wasa, amma na san kuma wasanki yakan zo da wani abu a ƙarƙashinsa. Watanni na yi a gidan nan bayan rashin, Susanna ba ta ɗaura min wannan atamfa ba. In na shigo ɗaki, ta juya fuska bango. In na dafa kafaɗarta, ta ƙame kamar itace. Yanzu na tafi, murmushi ya dawo, da turare, da kwandon abinci. Wa ake kai wa?

Ki gaya min gaskiya, ni ba yaro ba ne. In ta gaji da ni, gara in ji daga bakinki da in ji a bakin coci.

Kin ce in rubuta mata. Na sha farawa. In na rubuta "Susanna", sai alƙalamin ya tsaya.

Jikanki,
Manasse

Zariya
Janairu, 1985

Kaka,

Ina fatan kun yi Kirsimeti lafiya. Na yi tawa a ɗakin kwanan ɗalibai, ni da wani mutumin Wukari da ba shi da inda za shi.

Kullum ina leƙa akwatin wasiƙu, ba komai daga gare ki. Ke da ba ki taɓa barin magana ta kwana a bakinki ba. Na gane abin da shirun yake nufi: kin gani, kin kasa faɗa min.

Ban zo ba domin ba zan iya zama a tsakar gida ina kallonta tana ado ta fita ba. Na rubuta wa yayanta Dzarma a Biu. Na ce ya zo ya ɗauke ta, a zauna da dattawa. Ban zage ta ba. Abin da kika gani da idonki kawai na faɗa masa, shi ma namiji ne, zai gane.

Jikanki,
Manasse

Hausari, Maiduguri
Janairu, 1985

Manasse,

Yau kai ba mijina ba ne, jikana ne, kuma da kana kusa da ka sha muciya. Lafiyata ƙalau, tunda dole a fara da wannan.

Shiruna ba amsa ba ce, tabarau ne. Na zauna a kansa, ya rabe biyu, sai da aka aika Jos aka yo sabo. Wasiƙarka ta farko tana ƙarƙashin matashina duk wannan lokaci, don ba na ba maƙwabta su karanta min maganar gida. Jiya na karanta su duka biyu a zama ɗaya. Wasa na yi maka, ɗan nan, irin wanda nake yi maka tun kana yawo ba wando. Da na san a wane hali zai same ka, da na haɗiye shi.

Yanzu ka ji wanda ake kai wa abinci.

Tun kafin Kirsimeti na ce wa Ya Kaltum mu bi ta. Ni da sandata, ita da hakinta, ba mu kai bakin titi ba muka tari tasi. Na ce wa direba ya bi mai koren zane a hankali. Ya dube mu ta madubi ya ce, "Iya, ku 'yan sandan ciki ne?" Ya Kaltum ta ce masa da Barbarci ya kula da hanya. Muka ratsa Yerwa, tsohon garin, muna dariya, muka fita bayan gari. Can dariyar ta ƙare, don maƙabartar mutanenmu ta shiga.

Ya Kaltum ta tsaya a ƙofa tana salati, ni na shiga. Can gefen katanga, inda ake kwantar da jarirai, tulin ƙasa ne ƙanana da yawa, ba gicciye ba suna, wasu har sun baje. Ta ajiye kwando ta yaye ƙyallen. Buta ce, Manasse. Butar ƙarfen da ka sayo don wankan jariri. Ruwan kuwa daga na wankanta take ragewa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗiga wa kowanne kaɗan kaɗan don ya kai ƙarshen layi.

Da ta gan ni ba ta firgita ba. Ta ce, "Kaka, ban san wanne ne ba, shi ya sa nake ba su duka. Ƙasar nan akwai zafi." Na ce, "Adon fa?" Ta ce, "Ba ta taɓa ganina a tsaye ba. Ina kwance cikin zazzaɓi ta zo ta tafi. Ba na so ta ga uwarta da tsumma." Ta tambayi mai gadi, sabo ne, bai san komai ba.

Ni na rasa biyu, ba a nuna min ko ɗaya ba, kuma na sha cika baki cewa na warke. A wurin nan na lura har yau in mota ta bi da ni hanyar Biu, idona yana kan kowane tudun ƙasa.

Na kai ta wurin Sista Margaret, 'yar cocinmu da ke aiki a asibiti ɓangaren masu ciwon damuwa. Ta daɗe tana saurarenta. Ta ce ba hauka ba ne, baƙin ciki ne da aka toshe wa baki. Na ce to a yi mata allura mu tafi. Ta yi dariya ta nuna min ɗakinta: kujerarta ɗaya, sai wasu biyu a jere. Ta ce ciwon nan na mutum biyu ne, in ta yi wa ɗaya magani ta mayar da ita gida, ɗayan zai sake ɗora mata. Susanna tana zama a ta hagu. Ta dama taka ce, ƙura ce ke zama a kai.

Dzarma ya aiko cewa yana tafe. Susanna ba ta san dalili ba tukuna. Ka riga shi isowa, ka kama hannunta, ka nuna mata kabarin. Al'adar nan ni ce babba a kanta a gidan nan yanzu, kuma na ɗage ta.

Kakarka,
Rhoda

Zariya
Fabrairu, 1985

Kaka,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Na karanta a tsaye, na ƙarasa a ƙasa.

Kin ce in nuna mata. Kaka, ban san wanne ne ba.

Ni na ɗauko ta daga asibiti a nannaɗe da farin zane. Ba ta fi ƙwaryar gari nauyi ba. Da muka isa ƙofar maƙabarta, ƙafafuna suka ƙi. Baba Pindar, dattijon cocinmu, ya karɓe ta daga hannuna, ya shiga shi da mai haƙa, wani ɗan ci-rani da ban ko san sunansa ba. Na zauna a gindin darbejiya na juya baya. Da Baba Pindar ya fito ya ce, "An gama. Share fuskarka, kada matarka ta ga hawaye, kai ne ginshiƙinta." Na share, ban sake bari ta gani ba. Na yi ta cewa zan tambaye shi wurin in na yi ƙarfi. Kin san da damina muka binne shi.

Karatun nan ba don takardar shaida na neme shi ba. Idon Susanna na guje wa. Duk lokacin da ta dube ni, sai in ga kamar tana cewa "ina?", ni kuwa ban san wurin ba. Da wasiƙarki ta zo, sai da na ji wani sauƙi mai muni: in tana da wani, to ba ni ne na kashe gidan ba. Ki ga irin mutumin da kika raina.

Ina tafe da motar Juma'a. Na rubuta wa Dzarma kada ya zo, amma ban sani ba ko takardar za ta same shi kafin ya taso.

Manasse

Biu
Maris, 1985

Kaka,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwa? A gaida Ya Kaltum, a ce turarenta ya kusa ƙarewa. Na iso lafiya, ina ci, ina taya matar Dzarma surfe.

Na tafi ban yi miki bayani ba. Kina kan benci a waje ranar da muka shiga wurin Sista ni da Manasse, kuma na ga yadda kika dube ni da na fito. Ya kamata ki san abin da aka faɗa a ciki.

Sista ta kafa mana doka: ɗaya ya yi magana, ɗayan ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da tasa amsa. Na ce masa, "Na farfaɗo na tarar hannuna ba kowa, kai kuma kana gefen gado fuska a bushe, kana tambayar likita yaushe za a sallame ni. Na ɗauka ba ta dame ka ba." Ya fara maimaitawa, bai kai ƙarshe ba muryarsa ta karye. Ban taɓa jin kukansa ba sai ranar. Ya ce shi ya ɗauka ina juya wa bango ne don na tsane shi da ya kai ta. Na ce, "Nonona ne yake zuba, ba na so ka gani." Muna ɗaki ɗaya, Kaka, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya.

Na gaya masa sunanta. Edith na sa mata tun tana ciki. Ya yi ta juya sunan a bakinsa.

Zancen kabarin na yafe masa a take. Da ni ce a ƙofar nan, ban sani ba ko tawa ƙafar za ta shiga. Amma wasiƙar da ya rubuta wa Dzarma, ita ce ban san inda zan ajiye ta ba. Kina nan Dzarma ya tsaya a tsakar gida ya karanta min ita da ƙarfi, kwana ɗaya kafin Manasse ya iso. Ashe kafin ya taso ya riga ya karanta wa dattawa a nan. Yanzu in na je rijiya, magana sai ta tsaya. Ina tafiya da ƙafa ina kai wa 'yarsa ruwa, shi yana can yana ganina a ɗakin wani. Bai tambaye ni ba ko da layi ɗaya.

Sista ta ce me nake bukata. Na ce in yi nisa, in ji ko ina kewarsa. Ta ce wannan ba laifi ba ne, kujerar tana nan. Har yau ban san amsar ba. Wata rana ina kewarsa, wata rana in na tuna sai in ture kwanon abinci.

Na bar butar a bayan randa. Zafi ya shigo sosai, kuma ba mai kai ruwa. Ban ce ki je ba, na san ƙafarki. Na dai faɗa ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Taki,
Susanna

Hausari, Maiduguri
Afrilu, 1985

Susanna, 'yar nan tawa,

Gaisuwa da kewa. Gwiwar hagu ta ja ta dama sun haɗa kai a kaina. Ga turare Ya Kaltum ta ɗaure miki a cikin ambulan, in takardar ta yi maiƙo ba laifina ba ne. Tun da kika tafi miyar gidan nan gishiri ya yi mata yawa, don mijinki ke yi. Gara taki marar gishiri, ko banza ana iya ƙarawa.

E, yana nan. Bai koma Zariya ba, ya nemi a ɗaga masa karatun. Ban nuna masa wasiƙarki ba, taki ce. Butar kawai na fito da ita daga bayan randa na ajiye a hanyar da zai bi. Ya yi tuntuɓe da ita, ya tsaya yana kallonta, ni kuwa na yi kamar ina tsintar shinkafa.

Yanzu da rana ta yi sanyi sai ya yi wanka da rabin ruwansa, ya sa farar rigarsa ta ranar aure, ya ɗaure butar a bayan keke. Ya Kaltum ta leƙo ta ce, "Malam, ina zuwa da wannan ado?" Ya ce, "Wurin Edith." Da ƙarfi ya faɗa, har masu shago suka juyo. Ta koma ciki da sauri tana goge ido da mayafi.

Kowace Laraba yana zuwa wurin Sista. Yana zama a ta dama. Ta ce min wata rana an zo aron kujerarki, ya dafe ta da hannu ya ce akwai mai ita. Ya kuma ce in tambaye ki abu ɗaya: in kin yarda, zai zo Biu ya tsaya gaban dattawan da aka karanta wa takardar nan, ya faɗa da bakinsa inda kike zuwa da abin da ke cikin kwandon. Ya ce ba don ki biyo shi ba ne, don ki je rijiya cikin natsuwa. In ba ki yarda ba, ba zai zo ba. A wannan karon tambaya yake yi kafin ya yi.

Ban ce ki dawo ba. In kuma na ce ba na so, na yi ƙarya a makon Ista. Raunin da ya yi miki na gaske ne, kuma daga bakina ya samo wuƙar. Ki ɗauki lokacinki. Ni dai tsohuwa ce, ina sauraren ƙofa.

Ranar Juma'a Mai Kyau, ta makon Ista, na sa ya tarar min tasi na bi shi. Ba ya sauri, kamar ke. Yana tsugunawa gaban kowane tuli, ya ɗiga ruwa, ya ce, "Edith, Baba ne. In ba ke ba ce, ki gaya mata na zo." Haka har ƙarshen layi. Da ya rage kaɗan a butar ya miƙo min. Na ce me zan yi da shi? Ya ce, "Naki biyun, Kaka." Na zuba a gindin katanga. Ban yi wasa ba a hanyar dawowa, direban har ya tambaya ko ba ni da lafiya.

A motar nan na ƙulla wani kacici-kacici. Ɗaki ɗan ƙarami, ba ƙofa ba taga, uwa ba ta san shi ba, uba bai gan shi ba, amma yana shan ruwa daga hannunsu. Na yi wa Ya Kaltum, ta kasa, ta ba ni Dikwa. Ke ba sai kin ba ni gari ba.

Kabarin Edith ne. Yana cikin ƙananan nan na gefen katanga, ba wanda ya san wanne ne, kuma jiya ma ya sha ruwa.

Kakarki,
Rhoda